Baƙon Da Ke Ƙirga Takunsa

Akwai wani tela da shagonsa ke bakin layi, irin mutanen nan da ƙafarsu ke kan keken ɗinki amma idonsu na kan hanya. Ko kaza ce ta gifta, sai ya gaya maka ta gidan wa ce.

Wata rana wani baƙo ya kama hayar ɗaki a gidan da ke kallon shagon. Magidanci ne mai furfura jefi-jefi, daga shi sai katifa da jaka ɗaya. Ba wanda ya san sana'arsa.

Kullum da hantsi sai ya fito da ɗan littafi, ya shiga gari a ƙasa. Yana tafe a hankali, bakinsa na motsi. Ya shafa katangar wannan gida, ya taɓa ƙofar wancan, ya tsaya ya yi rubutu.

Tela ya ce a ransa, ruwa ba ya tsami banza.

Kwana uku yana rufe shago yana bin sawunsa, ɗinkin mutane na jira. Suka ratsa unguwar maƙera, suka zaga bayan tasha, suka shiga unguwar masu hali. A nan wani kare ya yi haushi a bayan ƙofar ƙarfe, baƙo ya tsaya cak ya rubuta.

Tela bai zame ko'ina ba sai wajen mai gidan hayar.

"Baba, ɗan leƙen asirin ɓarayi ka ajiye mana. Wallahi har gidajen da ke da kare yake rubutawa!"

Tsohon dama matsoraci ne. Kafin la'asar magana ta gama layi, jama'a sun cika ƙofar gida, wasu har da sanduna. Baƙo na dawowa, mai gida ya ce ya kwashe kayansa kafin rana ta faɗi.

"Me na yi, Baba?"

"Yanzu kuwa za ka ji," in ji tela. Ya fizge littafin daga aljihun baƙo ya buɗe. Rubutun manya-manya ne kamar na ɗan aji ɗaya. Ya ɗaga murya don kowa ya shaida:

"Daga ɗakina zuwa famfo, taku sittin. A taku na arba'in akwai kwata a buɗe, a bi ta dama. Unguwar maƙera, ƙarar guduma. Inda kare ke haushi, a juya hagu. Daga ƙamshin gidan burodi zuwa asibitin ido, taku ɗari uku."

Tela ya ɗago kai ya dubi baƙo.

Baƙo ya ce, "Likita ya ce idanuna ba za su kai baɗi ba. Saboda asibitin na dawo garin nan. Ina so in haddace hanyoyin tun ina ɗan gani, kada in zame wa kowa kaya. Da yamma nake bitar abin da na rubuta."

"To me ya hana ka faɗa, bawan Allah?" in ji mai gida.

"Ba wanda ya tambaye ni, Baba."

Masu sanduna suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Tela zai rufe littafin ke nan idonsa ya sauka kan shafin farko. Wannan kam bai iya karanta shi a fili ba:

"In na rikice, in saurari keken tela. Ƙararsa ita ce gida. Da alama mutumin kirki ne, kullum idonsa na kaina."

Kunya ta rufe shi, ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Ya riƙe hannun baƙo da hannu biyu.

"Yaya, ka yafe mini. Na cuce ka."

"Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Baƙo bai tashi daga gidan ba. Bayan wata takwas ganin ya tafi gaba ɗaya, amma da sandarsa yake zuwa asibiti shi kaɗai, ya dawo. Shi kuwa tela, har yau in ya hango shi daga bakin layi, ko ba ɗinki a gabansa sai ya hau taka keken, ba ya tsayawa sai ya ga Yaya ya shige gida.

Darasi: Kafin ka yanke wa baƙo hukunci, yi masa sallama ka tambaye shi. Zato zunubi ne, kuma wanda kake zargi wataƙila kai ne madogararsa. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu sabon maƙwabci.