Illa Ba-a-Kashewa a Jirgin Yamai

Akwai wani shofer a Madawa, zamanin da kamyo, babbar motar kaya, ke da daraja kamar doki, sunansa Illa. Albasa yake ɗauka. Ana ce masa Ba-a-Kashewa, don dokarsa guda ce: inji in ya tashi, ba a taɓa makullin kontak sai an isa. Batiran lokacin ragwaye ne, in ka kashe mota a daji sai turi.

In zai faɗi dokar, sai ya tura hula gaba, ya shaƙe murya kamar rago mai mura: "Ni Illa, ko tana kuka, ko tana tari, ba ni kashe ta!"

Wata rana a hawan Buza kamyonsa ya fara warin mai. Ya ƙi tsayawa. Kafin ya kai saman tudu, motar ta ƙone ƙurmus. Illa ya rantse sammu ne, kuma Halidu ne ya yi, mijin yayarsa Hamsatu, wanda shi ma shofer ne. Daga ranar ya daina gaishe shi.

Shekarar da Allah ya kira su Makka, Illa da Hamsatu suka shiga ƙaramin jirgi mai farfela biyu daga Maradi zuwa Yamai. Illa ya kama kujerar taga, yana koya wa kowa tafiyar sama, shi da bai taɓa hawa ba.

Suna saman gonakin Sabon Gida, injin dama ya canja murya. Daga guuu ya koma gar-gar-tuf. Wani baƙin mai ya fara bin fiffike kamar hawaye. Hira ta mutu.

Sai farfelar ta rage gudu, ta tsaya cik.

Muryar matuƙin ta fito daga rufi, a sanyaye kamar mai tambayar kuɗin goro. Ya ce shi ya kashe injin dama da hannunsa, na hagu zai riƙe su, za su karkata su sauka Tawa, kowa ya ɗaure ɗamararsa.

Illa ya zabura. "Mi yac ce? Shi yak kashe? Jama'a, mahaukaci na ad da mu! Nan wa za ya tura muna?"

Wata tsohuwa ta fashe da salati. Maza uku suka miƙe. Ma'aikaciyar jirgin ta tare hanya tana roƙo a zauna, amma Illa ya nufi ƙofar matuƙa. "Bari in tada mishi shi, ni na san inji!"

Jirgin ya kwanta gefe guda. Ta taga ba a ganin komai sai duwatsun Adar, jajaye, babu wurin da ko jaki zai kwanta.

Hamsatu ta cafko bayan rigarsa, ta naɗe a hannu.

"Yaya, sake ni!"

"In sake ka ka kashe mu? Kai, in mai ya kama wuta cikin kasko, icce kaka ƙara mai, ko janyewa kakai?"

"Wanga ba tuya ta ba!"

"Zamna, Illa. Na goye ka, kuma wallahi ina iya danne ka."

Ta fizgo shi ya faɗa kujera. Da mazan nan suka ga babban shofer a zaune, mace ta riƙe masa wuya, su ma suka koma.

Inji ɗaya kaɗai ke kuka. Jirgin yana sauka kaɗan-kaɗan, ƙasa tana matsowa. Illa ya ƙura wa matacciyar farfelar ido. Ƙafarsa kuwa sai taka birkin da babu shi take yi.

Taya ta daki ƙasa, ta yi tsalle, ta sake dira. Motar pompiye, masu kashe gobara, ta biyo su da jiniya. Jirgin ya tsaya.

Da aka sauko, aka buɗe murfin injin. Bututun mai ya tsage, ciki duk ya yi baƙi, wari ya cika wurin. Matuƙin, wani siriri da gumi ya jiƙa wa riga, ya ce da an bar shi yana juyi, da wuta ta ci fiffiken tun suna sama.

Illa ya shaƙi warin. Ya san shi. Shi ne na hawan Buza.

Hamsatu ta gyara mayafi, ta tura ɗankwali gaba, ta shaƙe murya: "Ni Illa, ba ni kashe ta!" Sannan ta dube shi. "To, wanga ma Halidu na yay yi mai sammu?"

Kafin a kawo wani jirgin, an ga Illa yana neman mai zuwa Madawa, ya kai wa Halidu gaisuwa da neman gafara.

Darasi: Dokar da ta fisshe ka jiya tana iya ƙone ka yau. Ka san lokacin tsayawa, ka bar mai aiki ya yi aikinsa, kuma kafin ka ɗora wa wani laifin asararka, duba hannunka. Ku tura wa Ba-a-Kashewan gidanku, kowane gida da nasa.