Duwatsun da Aka Binne

Akwai wani mutum da ya yi aikin lambu a ƙasar Japan, ya dawo gida ya kafa irin lambunsu a gindin tudu, domin baƙi su zo kallo, iyalinsa su sami abinci. A irin wannan lambu ba a shuka albasa ko tumatir. Kowane abu da ma'anarsa: farar tsakuwa da aka ja wa layi da manjagara ita ce teku, manyan duwatsu kuwa tsibirai ne.

Ya kuma zo da wata al'ada daga can. Duk dutsen da aka kawo, sai ya haƙa rami ya binne fiye da rabinsa.

Maƙwabcinsa ya kwaikwaye shi, amma haƙa ta yi masa wuya. Ya ɗora nasa bisa ƙasa kawai, ga su nan ƙato-ƙato sun cika ido. Baƙi kuwa, kun san mu da son abu babba, duk suka koma can.

Matar mutumin ta ce, "Maigida, ka jawo dutse kamar giwa, ka binne shi ya koma tunkiya. Me za mu ba yara?"

Maganar ta yi masa zafi ƙwarai. Ya ce, "Ki yi haƙuri, damina ba ta yi ba tukuna."

Sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya gangaro daga tudu da ƙarfi. Duwatsun maƙwabci suka mirgina, suka rushe masa shinge, suka zube a kwari. Mutumin namu ya fito ya duba duwatsunsa. Ko ɗaya nasa bai motsa ba! Matarsa ta rangaɗa guɗa, shi kuwa ya ɗauki manjagara yana waƙa. Baƙi suka dawo har ƙofa ta yi musu kaɗan.

Ma'anar wannan misali ita ce: dutsen nan shi ne rayuwarku. Abin da ke sama shi ne wanda mutane ke gani ranar Lahadi. Wanda aka binne kuwa shi ne addu'arku a ɓoye da biyayya ga Maganar Allah. Ba mai tafa muku domin wannan, sai dai a yi muku dariya. Ku ci gaba da haƙa, 'yan'uwa. Ruwan yana zuwa, zai kuwa wuce ya bar ku a tsaye.