Makarar da Ba Ta da Nauyi

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya, lokacin da sai an yi tafiyar yini guda a mota kafin a kai asibitin da ke maganin ciwon daji. Sunansa Sallau. Igiya yake tufkawa a bakin kasuwa. Ba shi da zurfin karatu, ba shi da dukiya, amma in namiji ya rasu a garin, shi ake kira ya yi masa wanka. Shekara talatin yana wannan aiki, ba a taɓa jin ya faɗi abin da ya gani a jikin mamaci ba. Ku riƙe wannan.

A garin akwai wasu 'yan'uwa biyu, Alhaji Mijinyawa da ƙanensa Nomau, ƙarfafa, dogaye. Ciwon daji ya kama su ɗaya bayan ɗaya. Aka kai su asibiti, aka yi allurai, aka gasa ciwon da na'ura, Allah ya ba su sauƙi. Da za a sallame su likita ya yi bayani, ya ba da takarda. Aka dawo gida aka tura takardar ƙarƙashin katifa.

Babban ɗan Alhaji, Tanimu, yana son iyayen nan nasa, ban ce ba ya son su ba. Saboda son, ya sa kowanne a ɗakin can ƙurya, ya saki labule. Kada su yi tafiya su gaji. Kada rana ta taɓa su. Kada bakin mutane ya kama su. Buta ma miƙo musu ake yi. Shekara biyu haka.

Wata safiya Alhaji ya tashi zai yi alwala, santsi ya ɗan kwashe shi. Faɗuwar ba ta kai a ba da labarinta ba, amma ƙugunsa ya karye. Ya kwanta bai sake tashi ba, har rai ya yi halinsa.

Ku saurara. Da hantsi aka kira Sallau. Ya shiga ɗakin, rana tana waje, ciki kuwa duhu da sanyi. Ya ɗauki kara ya auna gawar don masu haƙa kabari. Ya dubi karan, ya sake aunawa. Mutumin da ya sani yana sunkuyawa in zai shiga zaure, ga shi kara ya nuna ya rage tsawo. 

Ya fara wanka. Ya sa hannu a hankali, yadda ya saba, zai juya shi gefen dama. Sai ya ji ƙas. Ƙaramar ƙara ce, irin ta busasshen kara da gara ta cinye cikinsa. Haƙarƙari ya karye a ƙarƙashin tafinsa. Ya tsaya cak, ruwa yana ɗiga daga yatsunsa. Ya san abin da malamai suka karantar, cewa ƙashin mamaci yana da alfarmar ƙashin mai rai. Babu wanda ya ji sai shi da Ubangijinsa.

Da aka ɗaga makara, masu ɗauka suka dubi juna. Babu nauyi, kamar likkafani kaɗai aka ɗora. Nan take magana ta bi sahu: “Allahu akbar, Alhaji mutumin kirki ne, makararsa ba ta da nauyi.” Tanimu ya ji, ya yi kukan daɗi.

Sallau yana gaba da makara a kafaɗa, zuciyarsa tana ɗakin ƙurya na biyu, inda Nomau ke kwance.

Ga jarrabawar. In ya yi shiru, sunansa na nan, iyalan mamaci suna da abin da ke sanyaya musu rai, Nomau kuwa zai bi yayansa. In ya yi magana, kansa zai fara tonawa.

Bayan addu'ar bakwai ya sami Tanimu a zaure shi kaɗai.

“Tanimu, na zo neman gafara. Na karya wa mahaifinka haƙarƙari wurin wanka.”

“Baba Sallau, me ka ce?”

“Ban danna ba, Allah ne shaida. Ƙashin ne ya rarake. Halin Alhaji na gari ne, ban taɓa shi ba, amma rashin nauyin nan ba shi ne ya kawo shi ba. Jikinsa ne ya ƙare a kwance. Ka fito da baffanka, ka mai da shi wurin likitan nan a duba ƙashinsa.”

Tanimu ya miƙe. “Ka karya mini uba, sannan ka zo ka ƙwace masa shaidar da jama'a suka yi? Fita!”

Ihun ya kai titi. Kafin la'asar gari ya ɗauka: hannun Sallau yana karya matattu. Aka daina kiran sa wanka. In ya miƙa hannu a masallaci, wasu sai su gyara hula maimakon su karɓa.

Amma ihun ya kai ɗakin ƙurya ma. Kwana uku bayan haka Nomau ya aika a kira masa Sallau.

“Mai wankan gawa, ka zo da karanka ne, ko sai na cika?”

“Na bar shi gida. Kai ma ka bar ni in huta.”

Nomau bai yi dariya ba. Ya dafa bango ya miƙe. “Dubi rigar nan. Da a ƙwauri take tsaya mini. Yanzu tana neman idon sawu, ni kuwa ban kai ta wurin tela ba. Bayana kullum ciwo. Na zaci aljanu ne ke jan ni ƙasa.”

Ya ɗaga murya: “Tanimu! Ɗaga katifar nan ka karanta mini takardar.”

Tanimu ya karanta. An rubuta cewa maganin da suka sha yana raunana ƙashi. A riƙa tafiya kullum gwargwadon ƙarfi. A sha hantsi. A ci abinci mai gina ƙashi, irin nono da ƙananan kifi. A bar taba. A dawo a yi hoton ƙashi. Shekara biyu Nomau yana kwance a kan maganar da za ta tashe shi.

Aka mai da shi asibiti. Likita ya ce ƙashin bayansa ya riga ya lotsa wuri biyu, tsawon da ya tafi ba zai dawo ba, amma za a iya tsare sauran. Ya ba shi magani. Tun daga nan kullum da hantsi Sallau yakan ajiye igiyarsa ya zo, su taka tare. Farko zuwa ƙofar gida, sannan masallaci, sannan bakin kasuwa wurin masu nono. Gari bai mayar wa Sallau aikin wanka ba, shi kuma bai roƙa ba.

Shekara tara bayan haka Sallau ya rasu. Tanimu ne ya yi masa wanka yana hawaye. Da aka fito, wani tsoho ya ture samari ya sa kafaɗarsa a gaban makara. Nomau ne. Da ƙafafunsa ya kai shi har bakin kabari.

Na san za ku tambaye ni ko makarar Sallau ta yi nauyi. Ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Makara ba ma'aunin aiki ba ce.

Darasin a fili yake. Gaskiyar da za ta ceci mai rai a faɗe ta ga wanda ya dace, ko da kai za ta fara kayarwa. Kuma jinya ba ɓoye mutum ba ce. Da yawa cikinku kuna da uwa ko uba ko mata da Allah ya tsamo daga ciwon daji, kun kwantar da su a duhu kuna kiran abin tausayi. Ƙashi ba ya kuka in yana rarakewa, sai ran da ya karye. In kun koma gida yau ku ɗaga labule, ku nemo takardar likita, ku koma ku tambaye shi labarin ƙashi. Ku kama hannunsu ku taka tare tun suna iya tsayawa, kada ku bari mai wanka ya riga ku jin ƙarar nan.