Injiniyan da Likita Ta Ce Lafiyarsa Ƙalau

Akwai wani mai gyaran waya da kowa a layinsu ke kira Injiniya. Shagonsa ɗan mitsitsi ne, tebur ɗaya da fitila mai lanƙwasasshen wuya, sai benci a waje. Amma Allah ya yi masa hannu. Wayar da wasu suka ce ta mutu, shi sai ya tashe ta.

Duk abin da ya roƙi Allah ya samu: shago nasa na kansa, mata mai haƙuri, yara biyu. Shi ya sa ya kasa gane abin da ke damunsa. Yakan farka da safe ƙirjinsa a cushe kamar an yi masa rasuwa, alhali ba wanda ya rasu. Abincin da ake aiko masa sai ya huce a gefen tebur, in ya tuna ya ci a tsaye. Yana fita yara na barci, yana dawowa sun yi barci.

Ran nan da hantsi wata malamar makaranta ta kawo waya, caji ne kawai ba ta ɗauka. Aikin minti goma. Yana kai ƙarfen narka dalma, sai hannunsa ya kama rawa. Kafin ya ankara ya ƙona wajen da ba shi ya zo gyarawa ba.

"Malama, don Allah ki yi haƙuri, ban san yadda aka yi ba."

Ta dube shi ta ce, "Injiniya, bar batun waya. Kai ne ka ba ni tsoro. Ka ga idanunka kuwa?"

Washegari ya tafi asibiti. Aka ɗebi jini, aka auna zuciya, aka duba hawan jini. Likita ta jujjuya takardun ta ce, "Lafiyarka ƙalau."

"Ƙalau kamar yaya, likita? Hannuna fa rawa yake yi."

"Awa nawa kake barci? Yaushe rabonka da cin abinci a zaune?"

Tambayar ta ɓata masa rai. Shi magani ya zo nema, ga shi ana masa tambayar da ake yi wa yaro. Ya fito ba ko ƙwaya ɗaya, kansa ya fi ɗaurewa fiye da lokacin da ya shiga.

Sai ya koma neman amsa a intanet ta wayarsa. Wani ya ce a yi gudu da asuba. Wani ya ce kada a ci komai sai azahar, na gaba da shi ya ce duk wanda bai karya kumallo ba ya cuci kansa. Wannan ya ce ruwan sanyi, wancan ya ce ruwan ɗumi. Injiniya ya rasa wanda zai bi, sai ya haɗa duka.

A rana ta huɗu gwiwarsa ta kumbura, yunwa ta sa shi jiri, har ya yi gyangyaɗi a kan wayar mutane. Da yamma ya koma gida yana ɗingishi. Autarsa ta ɗauki kwalbar ruwansa za ta sha, ya daka mata tsawar da ta sa ta sakin kwalbar.

Matarsa ta bari yaran suka shiga ɗaki, sannan ta ce, "Baban yara, wai motsa jiki kake yi ko gamo ka yi?"

Bai yi dariya ba.

Ta sassauta murya. "Jiya yarinyar nan ta tambaye ni ko laifi suka yi maka. Ban san me zan ce mata ba."

Ya zauna a bakin kujera ya ce, "Wallahi ni ma ban san me ke damuna ba. Na yi duk abin da aka ce."

"Ni ban yi karatun likita ba. Amma ka rufe shago kafin magariba, ka zo mu ci abinci tare, ka kwanta lokacin da mutane ke kwanciya. Sati biyu kawai. In bai yi ba, ka koma gudunka."

"Masu kawo gyara fa? Guduwa za su yi."

"Su ma ai gidajensu suke tafiya."

Ya gwada, ba don ya yarda ba. Kwanakin farko sun fi ba shi wahala. Yakan zauna a falo ya rasa inda zai ajiye hannunsa, har babban yaron ya matso ya raɗa masa, "Baba, shagon ne ya ƙone?" Uwar ta yi dariya har da hawaye.

Sannu a hankali ya saba. Ya daina gudu, ya koma takawa da ƙafa zuwa shago. Da rana yakan kashe fitilar tebur ya ci abincinsa da zafinsa. Ya ware rana ɗaya a sati da ba ya taɓa sukundireba. Gaskiya ne, wasu masu kawo gyara sun yi fushi sun koma wani shagon, abin kuma ya yi masa ciwo. Amma yawanci sun koyi zuwa da wuri.

Bayan kamar wata guda ya gama wani aiki mai laushi, sai daga baya ya lura hannunsa ko motsi bai yi ba. Ya yi ta tunani ko barcin ne, ko tafiyar, ko abincin. Har yau bai gano ba.

Wata yamma yana sa kwaɗo a ƙofa, wani direba ya iso a guje da waya a hannu.

"Injiniya, minti biyar kawai!"

"Ka yi haƙuri, sai gobe in Allah ya kai mu. Kai zan fara yi wa."

"Kai kuwa wa ke jiranka haka?"

Injiniya ya yi murmushi ya sa makulli a aljihu. "Mutum uku. Kuma ba sa fara ci sai na zo."

Darasi: Ba kowace damuwa ce ke buƙatar magani ko gagarumin sauyi ba. Sau da yawa farin ciki yana cikin isasshen barci, abinci a kan lokaci, aiki mai iyaka da zama cikin iyali, a yi su kullum da haƙuri. Idan ka san wani da aiki ya cinye, tura masa wannan labari, ko Allah zai sa ya koma gida da wuri yau.