Zaren Gafiya da Furen Zuma

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!
Ta zo mu ji ta, mun matso.

Bushiya ce dawarta ta tsumbure shekara biyu a jere, ga 'ya'ya bakwai. Sai ta je wurin Gafiya, mai ilimin ƙarƙashin ƙasa.

Gafiya ta tona gonar, ta ce, "Ƙasarki lafiya lau. Wani zare ne dai ya maƙale wa saiwa, amma sama ya nufa. Ni ban karanci sama ba."

Bushiya ta je wurin Ƙudan Zuma, mai ilimin ganye da fure. Ya zaga gonar, ya ce, "Sama ba laifi, har wani jan fure ya fito gwanin kyau."

Bushiya ta kira su su biyu, ta durƙusa. "Malamai, don Allah ku zauna tare ku duba mini."

Gafiya ta ce, "Ni da mai yawon iska? Allah ya kiyaye!"

Zuma ya ce ba ya zama da mai warin rami.

Kaka ta zo, rumbu wayam. Yunwa ta ɗauke 'ya'ya huɗu.

A zaman makoki tabarmi suka yi kaɗan, dole malaman suka zauna a guda. Hira ta yi hira, wannan ta ambaci zare, wancan ya ambaci fure. Sai suka zabura tare: "Ashe ciyawa ɗaya ce! Wuta-wuta ce ke tsotse dawar! Da an tuge ta kafin ta zuba iri..."

Bushiya ta dube su, ta ce, "Sannunku da ilimi. Ashe tabarma ɗaya kawai kuke jira, sai da na binne huɗu aka shimfiɗa muku."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, nan ta tsaya.