Manomin da Ya Tumɓuke Ɗayi

Can arewa, inda ƙasa duk yashi ce, akwai wani mutum mai gonar gero ɗaya da raƙuma ɗaya. Raƙumar nan ita ce ƙarfin gidansa. Ita ke jan ruwa daga rijiya mai zurfi, ita ke kai kayansa kasuwa, nononta kuma shi tsohuwar mahaifiyarsa ke sha, don haƙoranta sun zube.

A ƙarshen gonar akwai wani gefe da mahaifinsa bai taɓa sa wa fartanya ba har ya rasu. Nan ɗayi yake fitowa, wani ɗan tsiro mai shimfiɗuwa a ƙasa, ganyensa toka-toka, kansa zagaye da ƙaya, da ɗan fure a tsakiya. Ba shi da kyan gani ko kaɗan. Amma saiwarsa na nitsewa can ƙasa, shi ya sa idan ciyawa duka ta bushe, shi yana nan da ɗanyensa, raƙuma kuwa ba abin da take so kamarsa.

Wata rana lokacin girbi mutumin ya taka ƙayar ɗayi, ƙafar ta kumbura, ya yi kwana huɗu bai fita ba. Da ya tashi, sai ya ɗauki fartanya cikin fushi. Mahaifiyarsa ta ce, “Ɗana, ubanka ba rago ba ne. Da dalili ya bar wurin nan.”

Ya ce, “Inna, gonata ce yanzu. Ba zan yi kiwon ƙaya ba.”

Ya haƙe shi har saiwa tun iri bai nuna ba, ya tara, ya cinna wuta. Shekara uku yana haka, duk wanda ya leƙo sai ya tumɓuke, har gefen ya zama fes. Masu wucewa suna yaba masa, shi kuwa har da ɗaga kai.

A shekara ta huɗu ruwa ya ɗauke da wuri. Kafin tsakiyar rani ciyawa ta ƙare, karan gero ya ƙare. Tozon raƙumar ya kwanta, haƙarƙarinta suka fito. Maƙwabtansa suna da ɗayi a gonakinsu, amma kowa na tsaron nasa saboda tasa dabbar. Da ƙyar wani ya ba shi busassun kawunan ɗayi cikin ƙwarya. Ya murje su da tafin hannunsa don ya fitar da iri, jini na fita, bai ko ji ba. Ya yi musu fage kusa da rijiya, ya zuba taki, ya shuka, yana ban ruwa safe da yamma kamar mai rainon albasa. Suka tsiro, ransa ya yi fari. Kwana goma, duk suka ruɓe.

Ya zo ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya ce, “Inna, me kuma na yi? Ba abin da na hana shi.”

Tsohuwar ta ce, “Wayyo ɗana. Ɗayi ba ya son gata. Yashi yake so da rana, ya zubar da irinsa da kansa, a ba shi shekara.”

Shekara! Raƙumar ko mako ba ta da shi. Ran nan yana janta zuwa rijiya, ta durƙusa a hanya. Ya ja akala, ya lallashe ta, ya sa kafaɗa ya tura, ina! Ba ta ƙara tashi ba. Babban mutum ya zauna a rana tsaka yana kuka da murya, don ya san hannunsa ne ya yi.

To, ’yan’uwa, ga ma’anar misalin nan. Gonar ita ce rayuwarka. Ɗayi kuwa shi ne mutumin da Ubangiji ya ajiye kusa da kai domin ya faɗa maka gaskiya. Maganarsa tana suka, na sani, ni ma an soke ni. Wataƙila gwaggo ce, ko dattijon ikilisiya, ko abokin da ya ce maka, “Abin nan da kake yi zunubi ne.” Ka ji zafi sau ɗaya, ka daina gaishe shi, ka tara masu yabonka. Ranar wahala masu yabo za su bushe. A lokacin za ka so ka dawo da mai gaskiyar nan cikin mako guda, da kyauta da daɗin baki, alhali amana ba ta tsirowa haka.

Allah mai jinƙai ne, yana gafarta wa mai tuba. Amma raƙumar nan ba ta tashi ba, kada mu ruɗi kanmu. Kowa a nan ya san ɗayin da ya tumɓuke. Idan naka yana da rai, ka je ƙofarsa kafin Lahadi mai zuwa. Ni nawa, sai dai in je kabarinsa.