Jinyar Barira a Bukkar Kara

A wani ƙauye da ke tsakanin Kura da Bunkure, a shekarar da soja suka canja kuɗi, akwai wani manomin rani da ake kira Sammani. Mutum ne mai ƙwazo wanda ba ya iya zama wuri ɗaya. Kafin liman ya shafa addu'ar asuba, shi ya kai bakin magudana yana duba ko an sako ruwa. Aibinsa guda ne. In ya faɗi magana a gaban mutane ba ya janye ta, ko da ya gano daga baya ba haka take ba.

A shekarar ne aka kafa manyan turakun ƙarfe a bayan gari, aka ja wayar lantarki ta ratsa ta saman gonakin tumatir ta wuce. Ƙauyen bai samu wuta ba. Abin da ya samu shi ne ƙugin da wayar ke yi in rana ta take, kamar an rufe ƙudan zuma a tulu. Gidan Sammani ne na ƙarshe a garin, shi ya fi kowa kusa da ita.

Ba a daɗe ba matarsa Barira ta soma ciwo. Gabanta ya riƙa faɗuwa babu dalili, zuciya tana bugawa kamar wadda ta sha gudu. Da sanyin safiya ma zufa take yi. Tana cin tuwo kamar mai aikin ƙarfi, amma kullum ramewa take. In ta miƙe daga bakin murhu sai jiri ya ɗebe ta, hannunta na rawa har koko ya zube daga ludayi. Daga baya wuyanta ya fara tasowa ta gaba, ta riƙa rufe shi da mayafi.

Wata rana ta ce wa mijin ƙugin wayar nan yana hana ta sakat, yana sa mata ciwon kai. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Sammani ya ɗauki wannan magana ya yi majalisa da ita.

A gindin mangwaron da dattawa ke zama bayan la'asar, ya tsaya a tsaye ya ce ya gano ciwon matarsa. Wayar ce ke tsotse ruwan jikin mutum, ita ta kumbura mata wuya.

Datti taubashinsa, wanda gonarsu ke haɗe, ya dube shi daga sama har ƙasa.

"To kai da kake kwana a ƙarƙashinta, me ya sa tumbinka sai gaba yake yi? Ko mata kaɗai take sha?"

Aka yi dariya. Dariyar nan ce ta shiga tsakanin Sammani da hankalinsa. Nan take ya rantse cewa da maganin itace da nisantar waya zai warkar da Barira, ba za ta taka ƙofar asibiti ba, kuma kowa zai gani da idonsa.

Ya ɗauko Iya Tambaya, tsohuwar da matan yankin ke zuwa wurinta neman magani. Ta zauna a tabarma, ta janye mayafin Barira, ta lalluba wuyan da yatsunta. Duk tambayar da ta yi wa mai ciwo, Sammani ne ke amsawa daga bakin ƙofa, har sai da ta juyo ta tambaye shi ko shi ne mai wuyan.

Ta ce wannan maƙoƙo ne, kuma ta san shi tun ba a san lantarki a ƙasar nan ba. Ba ta musa cewa ƙugin yana damun Barira ba, ta ce kowane jiki da abin da ba ya so. Ta haɗa jiƙon sabara da sassaƙen marke, ta ce a riƙa dama mata kunun tsamiya ko zafin jikin zai lafa. Sannan ta kafa sharaɗin da take kafa wa kowa. Ba a haɗa maganinta da na wani hannu, don in abu ya faru ba za ta san wanne ya jawo ba. In kuma sabon wata ya tsaya babu sauƙi, a gaya mata.

Sammani bai jira wata ba. Ya kwashe rediyo da tocila da duk abin da ke cin batir ya kai gidan maƙwabta. Ya ce rufin kwano ma jawo abin yake yi. Ya je can ƙarshen gonarsa ta albasa, inda ba a hangen turakun, ya kafa bukkar kara ya kewaye da zana, ya mai da Barira can.

Wurin ga zafi da rana, ga sauron magudana da yamma, ga babu wanda za ta yi wa magana in ya tafi gona. Ta roƙe shi abu ɗaya.

"Malam, ko rediyon nan ka bar mini, in ji muryar mutane."

Ya ce ai ita ce ƙanwar waya, ba za ta shigo ba.

A kwanakin farko ciwon kan ya ragu. Sammani ya ruga majalisa da labari, yana nuna Datti da yatsa. Amma abin da bai faɗa ba shi ne wuyan ƙaruwa yake yi. Idanun Barira sun fara firfitowa, ba ta iya zama ba ta iya kwanciya, sai ta kama turken bukka tana haki. Shi ma ya rasa natsuwa. Ya saki ruwa a gona ya manta bai toshe ba, ya zo bukka ya leƙa, ya koma gona, ya sake dawowa. In ya ga wuyan sai ya kau da kai ya ce da sauƙi.

Wata ya tsaya, bai aika wa Iya Tambaya ba. Ita ta tako da sandarta har bukkar. Ta ɗora tafin hannunta a ƙirjin Barira ta ji bugun zuciyar, sannan ta fito ta kira shi bayan zana. Ta ce maganinta ya kai iyakarsa, ciwon wannan zuciyar ba na maganin itace ba ne, ya nemi mota ya kai yarinyar nan asibiti a Kano tun tana iya hawa da ƙafarta.

"Iya, in na kai ta asibiti, da wane ido zan kalli su Datti?"

"Da idon da za ka kalle su ranar da suka zo maka gaisuwar mutuwa," in ji tsohuwar. Ta ja sandarta ta tafi.

Maganar ta soke shi, amma ba ta tanƙwara shi ba. Ranar kasuwar Kura ya yi ta zagaye har ya faɗa hannun wani mai tallar magani da lasifika a kan keke. Sammani bai gama bayani ba mutumin ya ce lalle waya ce, ya sha ganin irinta. Ya miƙo masa wani baƙin ruwa a kwalba. Sammani bai tambayi abin da ke ciki ba, tunda ya samu wanda ya gaskata shi.

Ya san Barira ba za ta sha maganin kowa ba sai na Iya. Don haka ya tuttule kwalbar a cikin tukunyar jiƙon sabara, ya motsa. Da ta ce yau maganin ya canja ɗanɗano, ya ce jiƙo ne ya yi ƙarfi, ta yi bismillah ta shanye. Ta sha. Ta fara amai, ya ce dafin waya ne ke fita, ya ƙara mata.

Lokacin ɗibar tumatir ne, motoci sun cika bakin hanya. Sammani yana can yana ɗaure kwanduna, Datti ya bi ta bayan bukkar zai buɗe wa gonarsa ruwa. Ya ji nishi. Ya yi sallama babu amsa, ya leƙa ya ga Barira a yashe a ƙasa, leɓɓanta sun bushe.

Ranar Datti bai yi wasan taubasai ba. Ya sa aka sauke kwanduna daga wata akori-kura, matarsa ta riƙe Barira a baya, ya ce wa Sammani ko ya hau ko ya tsaya ya ci gaba da gadin wayarsa. Ya kuma aika Madobi a gaya wa Isiyaku, yayan Barira.

A asibiti likita ya tambayi abin da aka ba ta. Sammani ya lissafa na Iya Tambaya. Likita ya ce sai me kuma, don wannan aman ba daga nan kaɗai ya fito ba. Dole ya faɗi zancen kwalba da yadda ya zuba ta. Aka tambaye shi abin da ke cikinta, ya ce bai sani ba. Barira tana kwance ana ƙara mata ruwa, idonta a rufe, amma kunnenta na ji.

Likita ya ce ciwon wuyan sananne ne kuma akwai maganinsa, sai dai jinkiri ya gajiyar da zuciyar. Duk da haka bakin Sammani bai mutu ba, sai da ya tambaya ko waya ce ta jawo.

"Ni wuyanta na duba, ban duba waya ba," in ji likita. "Ko da waya ko babu, tuni ya kamata a ce ta zo nan."

Barira ta daɗe a kwance. Allah ya yi da sauran kwananta, ta tashi, amma ƙarfinta bai dawo kamar da ba, an hana ta daka da ɗaukar ruwa. Da aka sallame ta, Isiyaku ya wuce da ita Madobi ta ƙarasa jinya a gida.

Sammani ya yi ta sintiri a hanyar Madobi, yau da kwandon tumatir, gobe da albasa. Da ta ji sauƙi, ya ɗauki Datti suka je biko. Datti ya yi magana mai daɗi, ya ce har da laifinsa, da bai tsokani Sammani a majalisa ba da abin bai kai haka ba. Isiyaku ya ce shi ba zai yanke hukunci a kan jikin da ba nasa ba. Ya sa aka kira Barira, ta durƙusa daga bakin zaure.

"Yaya, ciwo daga Allah ne, ban ɗora wa Malam ba. Bukkar ma na yafe. Amma da hannunsa ya miƙo mini ƙwaryar nan, ya ce in yi bismillah, alhali ya san abin da ya zuba. Yanzu ko ruwa ya ba ni sai na leƙa ƙasan ƙwarya. Ba zan iya zaman aure a haka ba."

Sammani ya buɗe baki. Datti ya dafa gwiwarsa ya girgiza kai. Karon farko ke nan da aka ga ya haɗiye magana, amma a ranar babu sauran abin da shirunsa zai gyara. Kafin damina ta faɗi aka raba auren.

Darasi: Jikin mara lafiya ba wurin gwada taurin kai ba ne. Maganin gargajiya yana da iyakarsa, kuma mai magani na gaskiya shi ne wanda zai gaya maka ya kai iyaka. In an ce ku tafi asibiti ku tafi, ku bar gardamar abin da ya jawo ciwon sai mai ciwo ya tashi. Kada ku haɗa magunguna barkatai, kada ku ɗura wa mutum abin da bai sani ba, ko da matarka ce, ko da da kyakkyawar niyya ne. Wanda ya fi jin kunyar majalisa a kan tsoron Allah game da amanar da ke ɗakinsa, zai rasa amanar, majalisar kuma ba za ta biya shi ba. Ku tura wa masu jinya a gidajenku, musamman magidantan da ba a isa a gaya musu ba.